In Wuta Ta Dawo, Inji Ya Jira Mai Shi



Yau maganarmu a kan wutar lantarki take. Kukan rashinta kowa ya iya, don haka ni dawowarta zan duba. Kun san lokacin nan da ƙwan fitila yake haskawa kwatsam, yara su ɗauki sowa unguwa-unguwa, "An kawo wuta! An kawo wuta!" Mai waya ya ruga soket, mai firji ya yi hamdala, mai fanka ya gyara kwanciya. To a daidai wannan ƙiftawar ido, duk abin da aka bari a kunne a garin nan yakan farka lokaci guda, ko mai shi yana nan ko ba ya nan, ko yana farke ko yana barci. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: wa ya ba waɗannan na'urori izinin tashi?

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu. Wata rana da hunturu, bayan la'asar, ƙanena yana guga, sai aka ɗauke wuta. Ya jira kaɗan, ya ga babu alama, ya kifa dutsen gugar a kan bargon da yake guga a kai, ya tafi masallaci, daga can ya wuce hira. Dutsen ya huce, hankalinsa ma ya huce. Wajen ƙarfe biyun dare wuta ta dawo. Ƙaurin ƙuna ne ya tashi mahaifiyarmu, Allah ya sa barcinta ba nauyi. Ko da aka buɗe ɗakin, dutsen ya cinye bargo, ya cinye tabarmar da ke ƙasa, ya fara lasar gefen katifa. Allah ya kiyaye, asarar ta tsaya a kan kaya. Da safe kowa ya yi wa yaron faɗa, kuma ya cancanci faɗan. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaron ya manta, makunnin da ke bango kuwa bai manta ba.

Makunnin bango kamar sakatar ƙofa yake. Inda ka bar ta, nan za ka same ta, ko bayan shekara. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, wannan halin ba ya cutar da kowa, domin abin da yake a kunne kana ganinsa yana aiki, in ka gama ka kashe. Mu kuwa wutarmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi, ba ta sallama in za ta shigo. Tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a ƙarshen 2013, sunaye sun sauya, amma har yau babu magidancin da zai ce maka ga sa'ar da za a kawo. Ku tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka kwana da kwanaki cikin duhu. Bayan mako guda babu wuta, wane ne zai iya rantsuwa cewa ya san makunnin da ya bari a kunne da wanda ya kashe? Makunnin da babu wuta a bayansa shiru yake, ba ya zafi, ba ya ƙara, ba ya haske, don haka ba ya tuna wa kowa komai.

A yankinmu na Batsari da Safana kuma akwai abin da ya ƙara wa lamarin nauyi. Mu da muke gefen dajin Rugu mun san abin da rashin tsaro ya yi mana a shekarun nan. Akwai daren da mutum yake barin gida ba shiri, ya ɗauki yaro a kafaɗa, ya ja na biyu a hannu. Wanda yake gudun ceton rai ba ya tsayawa duba soket. Akwai shagunan da masu su suke rufewa tun da sauran rana don su isa gida kafin duhu. Akwai gidajen da aka kulle, masu su suka koma Katsina ko Dutsin-Ma wurin dangi, layin wuta kuwa yana nan a haɗe. Sannan ku duba lokacin da muka fi amfani da hita: sanyin hunturu, sa'ad da iska take kaɗawa, komai ya bushe ƙarau, darnin kara yana tsaye, rumbuna cike da gero da dawa, buhunan wake da gyaɗa jibge a ɗaki. Hitar da aka tsoma a bokitin roba aka manta, in wuta ta dawo za ta tafasa ruwan har ya ƙone, ta narkar da bokitin, ta kama abin da ke kusa. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso wani ƙauyen, noman shekara ya zama toka.

Wannan na gida ke nan. Mu leƙa wuraren sana'a. Yawancin injunan niƙa da markaɗe a ƙauyukanmu da man dizal ko fetur suke aiki, amma a cikin gari akwai masu mota ta lantarki, akwai injin yankan katako, akwai giranda a wurin masu walda, akwai famfon da ke tura ruwa tanki. An ɗauke wuta inji yana tsakiyar aiki, ya tsaya da hatsi a cikinsa. Me yaron shago zai yi? Zai sa hannu ya kwashe abin da ya maƙale, ko ya gyara bel, ko ya share bakin zarto, tunda a ganinsa inji a mace yake. In makunnin na sakata ne, kuma ba a mayar da shi ba, to wannan yaro ya sa hannunsa a bakin kura mai barci. Ita kanta motar tana shan wahala, domin a lokacin tashi takan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja in tana tafiya daidai. In ta tashi da kaya a ciki, a kan wuta mai rauni, ga sauran injunan gari duk sun tashi tare, sai wayarta ta ƙone, tiransifomar unguwa ma ta ji a jikinta.

Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan karin magana ita ce dokar da masana lantarki suke bi a duk inda ake mutunta ran ma'aikaci: duk abin da yake zafi, ko yake yanka, ko yake niƙa, ko yake juyawa da ƙarfi, in wuta ta yanke ya koma a kashe, in ta dawo ya zauna a kashe, har sai mutum ya zo da idonsa da hankalinsa ya tashe shi. Direbobin tirela sun san irin wannan hikima. Birkin babbar mota an yi shi ne yadda in iska ta zube, birkin ya kama da kansa, motar ta ƙi motsi. Wanda ya tsara shi ya zauna ya tambayi kansa, in abu ya lalace, ta wane gefe nake so ya faɗi? Ya zaɓi gefen tsira. A Tarayyar Turai, dokar injuna ta 2006 ta rubuta shi ɓaro-ɓaro cewa yankewar wuta da dawowarta kada su sa inji ya tashi ba zato. Su da wutarsu ba ta cika yankewa ba sun mayar da abin doka. Ina ga mu, da ake ɗauke mana sau da yawa a yini guda?

To yaya ake koya wa makunni mantuwa? Hanya ta farko tsohuwa ce, kuma da yawanku kun taɓa ganinta ko ba ku san sirrinta ba. Ita ce akwatin nan mai maɓalli biyu, kore da ja, wanda masu wayarin suke kira sitata. A cikinta akwai abin da ake ce wa kontakta, wato makunni ne da maganaɗisun lantarki yake ja. In ka danna kore, wuta ta shiga naɗin wayar da ke ciki, maganaɗisu ya kama, ka ji ƙas, inji ya tashi. Ka ɗauke yatsanka, amma inji bai mutu ba. Dalili kuwa, a lokacin da kontakta ta kama, ta rufe wata ƙaramar hanya a gefe, wadda take ci gaba da shayar da naɗin wayar. Ma'ana, da wutar da take wucewa take riƙe kanta. Ku ɗauka mutum ne ya ɗaga asabari da hannu don jama'a su wuce, muddin yana da ƙarfi asabari yana sama, da zarar ƙarfinsa ya ƙare asabari ya faɗo. Haka kontakta take. Wuta na yankewa maganaɗisu ya saki, sifirin ya mayar da ita baya, ƙaramar hanyar nan ma ta buɗe. In wuta ta dawo, ta iske ƙofa a rufe, babu ta inda za ta bi sai an sake danna kore. Masu wayarin da ke sauraro sun san wurin: ƙafafun nan masu lamba 13 da 14, su ake haɗawa kafaɗa da kafaɗa da koren maɓalli, jan maɓalli kuma ya zauna a kan hanyar naɗin don ya yanke ta in an danna shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, injuna da dama da wannan akwati suke zuwa, mu ne muke cire shi. Kontakta ta fara kuka saboda raunin wuta, ko ta ƙi kamawa, mai inji yana sauri ga layin mata da ƙwarya suna jira, sai mai gyara ya ce, "Alhaji, bari in yi maka dairek." Ya tsallake akwatin, ya ɗaura makunnin wuƙa, ko ya cusa tsinke ya danne kontakta ta zauna a kame. Aiki ya tashi, kowa ya yi murna. Amma kontaktar da ta ƙi kamawa gaskiya take faɗa maka, cewa wutar nan ba ta isa ta ɗauki motarka ba. Wanda ya toshe mata baki ya sallami mai gadinsa ne don yana yawan tashinsa daga barci.

Yanzu zan juya ga 'yan'uwana masu gyaran rediyo da talabijin, da masu haɗa sola da inbata, da ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, waɗanda suke haɗa ƙananan na'urori da hannunsu. Sauran jama'a ku yi haƙuri ku biyo mu, zan yi bayanin yadda kowa zai ɗauki wani abu.

Yau ana yawan haɗa makunni mai maɓalli ɗaya, ka taɓa ya kunna, ka sake taɓawa ya kashe. A zuciyarsa akwai wata 'yar da'ira mai hali biyu, wadda wasu Turawan Ingila biyu, William Eccles da Frank Jordan, suka ƙirƙiro a 1918, kuma irinta ce take riƙe ƙidaya a cikin kwamfuta har gobe. Ɓangare biyu gare ta masu ƙarfi ɗaya, kamar 'yan kokawa biyu sa'o'in juna. In ɗaya ya kayar da ɗaya, yana danne da shi har sai an raba su. Wannan dannewar ita ce riƙon da makunnin yake yi. Matsalar tana farkon karawa. Lokacin da wuta ta shigo, duka biyun a tsaye suke, kuma babu alƙalin da ya ce ga wanda zai yi nasara. Ɗan bambancin da ido ba ya gani a tsakanin tiransisto biyu, ko zafin bazara, ko sanyin hunturu, ko yadda wutar ta shigo a hankali ko da ƙarfi, shi ne yake yanke hukunci. Shi ya sa yaro zai haɗa da'irarsa a kan tebur, ya gwada sau goma ta tashi a kashe, ya ce ta yi. A kai ta gidan mai saye, a dare na sha ɗaya ta tashi a kunne.

Maganin bai kai kuɗin katin waya ba. Abu biyu ne: kafasita ɗaya, wadda tsofaffin masu gyara suke kira kondensa, da rasista ɗaya. Ku ɗauki kafasita a matsayin tulu, rasista kuma siririn famfo mai ɗiga a cikinsa. In wuta ta shigo, tulun babu komai, kuma ba zai cika nan take ba, sai ya ɗauki ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan lokaci ake amfani da wofin tulun a riƙe ƙafar sake-saiti ta da'irar, wato a kama hannun ɗan kokawar da ake kira "kunne", a bar "kashe" ya kayar da shi. Tulu na cika, riƙon ya saki, amma an riga an yi kaye. Daga nan makunnin yana zaune a kashe, yana sauraron yatsan mutum. Lokacin da ake buƙata ɗan kaɗan ne. Rasista mai kilo 100 da kafasita mai maikro 1 suna ba da wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan, haka ma kilo 10 da maikro 10.

Ga masu riƙe da biro, ga yadda haɗin yake a kan ayisi biyu, wato ƙananan da'irorin da aka dunƙule cikin ƙwaya ɗaya, da aka fi samu a kasuwa. Na farko mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara, kamfanin Signetics ya fitar da shi a 1972. Ƙafarsa ta 4 ita ce ta sake-saiti, kuma tana aiki ne idan an ja ta ƙasa. Don haka kafasita daga ƙafa ta 4 zuwa layin ƙasa, rasista daga ƙafa ta 4 zuwa layin wuta. Na biyu mai lamba 4013, mai ƙafa 14. Shi ma a rabinsa na farko ƙafa ta 4 ce ta sake-saiti, sai dai tasa tana aiki ne idan an ja ta sama. Don haka a juya haɗin: kafasita daga layin wuta zuwa ƙafa ta 4, rasista daga ƙafa ta 4 zuwa ƙasa. Ƙafarsa ta 6 kuma, da duk wata ƙafar shiga da ba a amfani da ita, a ɗaure ta a ƙasa, kada a bar ta tana lilo, domin ƙafar da aka bari sake tana ɗaukar kowace irin hayaniya ta mayar da ita umarni.

Akwai wani tarko da ya shafe mu fiye da kowa. Wutarmu ta iya ƙyafta ido: ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa cikin sakan biyu. Haka ma lokacin da ake sauya layi daga janareta zuwa wutar gari. In tulun nan bai samu ya zubar da ruwansa ba kafin wuta ta dawo, to a cike za ta iske shi, kuma cikakken tulu ba ya riƙe kowa. Don haka a sa dayod ɗaya, irin mai lamba 1N4148, a gefen rasista, don ya zama ƙofar da tulun zai zube da sauri in wuta ta faɗi. A kan 555, gefen dayod mai zane ya kalli layin wuta. A kan 4013, gefen mai zane ya kalli ƙafa ta 4. Sannan a yi gwaji irin na gaske. A kunna na'urar, a zare wuta tana aiki, a mayar. A yi da jinkiri, a yi da sauri, a yi da batir mai rauni, a yi da safe cikin sanyi, a yi da rana tsaka. In ta tashi a kunne ko sau ɗaya, aiki bai ƙare ba. Tun ran gini tun ran zane.

Abu uku kuma a kula da su. Akwai wani irin rile, wato ƙaramin makunnin da lantarki yake ja, da yake riƙe kansa da maganaɗisu na dindindin, wanda ba ya buƙatar wuta don ya zauna inda aka bar shi. Wannan sakata ce da ta sa rigar zamani, bai dace da hita ko inji ba. Na biyu, masu aiki da allon Arduino su sani cewa a farkon tashi, kafin shirin da ke ciki ya fara gudu, ƙafafunsa a sake suke. A sa rasista mai kilo 10 da za ta riƙe tiransiston da ke tuƙa rile a kashe har shirin ya karɓi ragama. Na uku, makunnan da ake sarrafawa da wayar hannu, irin su Sonoff, suna da wurin zaɓi a cikin manhajarsu: in wuta ta dawo su kunna, ko su kashe, ko su koma yadda suke. Wanda ya haɗa irinsu da abu mai zafi, ya shiga ya zaɓi kashe. Ina kuma gargaɗin masu koyo: da'irar batir mai bolt 12 wurin gwaji ce, amma wutar gida mai bolt 230 tana kisa. Duk haɗin da ya taɓa ta, a yi shi a gaban ƙwararre, bayan an yanke layi.

Wani zai ce, to malam, komai ke nan sai ya jira a danna? A'a. Hikimar tana wurin rarrabewa. Firjin da ke ajiye allurar rigakafi a asibitin karkara dole ya dawo da kansa, domin in ya jira ma'aikaci har safe magani ya lalace. Haka injin ƙyanƙyasar ƙwai, haka fitilar tsaro a ƙofar gida, haka famfon sola da ke cika tankin unguwa, matuƙar yana da abin da zai tsayar da shi in tanki ya cika ko rijiya ta ƙafe. Shi firji abin da yake so jinkiri ne, minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, don matsin gas ɗin da ke cikin injinsa ya sauka kuma wutar ta daidaita, shi ya sa ake sayar da ɗan akwatin kariya da ake sa masa a soket. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka tsaya gaban kowace na'ura ka tambayi kanka: in wannan ta tashi da ƙarfe biyun dare babu kowa a kusa, alheri za ta yi ko ɓarna? In alheri ne, bar ta ta dawo da kanta. In ɓarna ce, a koya mata jira.

Ga uwargida da maigida da ba su da sitata ba su da ayisi, ku ma kuna da abin yi tun daga daren yau. A mayar da shi al'adar gida: da zarar an ɗauke wuta, kafin a nemi tocila, a zare fulogin dutsen guga, da hita, da rishon lantarki. Zarewa nake cewa, domin fulogin da ke kwance a ƙasa kowa yana ganinsa, makunni kuwa a cikin duhu ba a sanin sama yake ko ƙasa. A bar ƙwan fitila ɗaya a kunne ya zama mai shela. Mai shago in zai rufe, ya sauke babban makunni. Wanda zai yi tafiya ya cire fis. A ba babban yaro ko babbar yarinya wannan aiki ya zama nasu, kamar yadda ake ba su ɗaure awaki da magariba. Addininmu ma ya riga ya hore mu da kashe wuta kafin kwanciya barci, kuma hitar da ke jiran dawowar lantarki wuta ce da aka kwanta aka bari.

Kirana na farko ga masu wayarin da masu gyara ne: ku daina yi wa injuna dairek, ko mai inji ya matsa. Ku zaunar da shi ku nuna masa cewa kuɗin kontakta bai kai kuɗin naɗa mota ba, balle yatsun yaron da aka ba shi amana. Kira na biyu ga masu injin niƙa da masu katako da masu walda: yau ɗin nan, inji yana tafiya, ku sauke babban makunni ku mayar. In ya tashi da kansa, ku nemi mai gyara kafin ku sake ɗora yaro a kansa. Kira na uku ga malaman makarantun fasaha: kada ku sa hannu a kan aikin ɗalibi sai kun zare masa wuta kun mayar kun ga yadda zai farka. Ina kuma roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da iyayenmu Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, da limamanmu, da shugabannin kasuwa, su sa wannan magana cikin faɗakarwar da ake yi kafin shigowar hunturu. Duk kwangilar rijiyar burtsatse ko injin da za a girka wa jama'a, a rubuta a cikin sharaɗi cewa sai da akwatin kore da ja mai aiki.

Jama'a, yankinmu ya sha asarar da ba mu da ikon hanawa. Wannan kuwa tana hannunmu, kuma maganinta bai fi ƙarfin talaka ba. Rigakafi ya fi magani. Kafin ka kwanta yau, zaga gidanka, duba abin da yake jiran wuta, ka zare shi. Allah ya tsare mu daga gobara, ya kiyaye hannuwan masu neman halal, ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya.